Jimlar Raƙumin da Malam Ya Ƙi Faɗa

Shekara goma sha ɗaya ina koyar da Turanci a firamare a Magama, ban taɓa haɗuwa da ɗalibi mai taurin kai irin mijina ba. Dalhatu sunansa, ko da yake bakina bai saba da faɗa ba. Malam nake ce masa, in raina ya ɓaci kuma ya koma Baban Sumayya. Na koyar da masu barci a aji, na koyar da masu ɓare gyaɗa a ƙarƙashin benci, duk na iya da su. Wannan mai furfura a gemu kuwa sati uku kacal na yi da shi, amma har yau in na tuna sai na ji jijiyar wuyana ta motsa.

Sana'arsa rakiyar shanu. Wanda bai zauna bakin iyaka ba ba lalle ya san aikin ba. In an tsallako da shanu daga Nijar aka loda su a tirela za a kai Kudu, dole a sami mutum biyu ko uku su hau ƙarafan sama, su yi kwana biyu ko uku suna lilo a kan ƙahoni. Aikin na ido ne. Saniyar da ta gaji ta durƙusa, in ba a tashe ta nan take ba sauran za su tattake ta, don haka sai mutum ya zura jikinsa tsakaninsu, ya murɗa wutsiya, ya ja igiya, mota kuma tana ta gudu. Shekara ashirin da biyu Malam ya yi a kan ƙarfen nan. Dillalai rububinsa suke yi, don an san motar da ya hau ba a tsayawa yanka saniya a hanya.

Bara da damina ya faɗo. Direba ya taka birki ba shiri bayan an wuce Zariya, ƙarfe kuma ya jiƙe, gwiwarsa ta dama ta goce. Wata biyu yana kwance, ya tashi yana ɗingishi, ya sake hawa. Ni dai tsoro ya shige ni, kuma ban ɓoye masa ba. Na ce ƙafar da sai an lallaɓa ta take hawa dakalin masallaci ba ita za ta riƙe mutum a saman tirela ba, wata rana gawarsa za a kawo mini. Ya ce to mi zai yi, shi da bai san komai ba sai saniya.

Ana haka sai labari ya zo daga kara, wato kasuwar shanu, cewa wata ƙungiya mai kula da lafiyar dabbobi za ta buɗe ɗan zango a bakin boda, inda za a riƙa tsare dabbar da ta shigo da alamar ciwo na 'yan kwanaki kafin a bar ta ta wuce. Mutum ɗaya suke nema ya zauna da dabbobin. Aiki ne a ƙasa, mutum ya wuni a zango ya kwana a gidansa. Matsalar ɗaya ce. Likitar da ke riƙe da aikin 'yar Kudu ce, a Katsina take zaune, Hausarta ba ta wuce sannu da na gode ba, kuma tana son wanda zai riƙa kiranta kullum da safe ya gaya mata halin da ake ciki da Turanci, ko da na kame-kame ne. Malam kuwa allo ya yi. Turancinsa na hanya ne, na sayen burodi da ba ɗan sanda haƙuri.

Kwana biyu ina yi masa magiya kafin ya yarda in koya masa, shi ma da sharaɗi: kada wani mahaluƙi ya ji. Mutumin da mazan kara ke tashi su ba shi wuri ba zai yarda a ce matarsa ta zaunar da shi tana cewa maimaita ba. Don haka kullum bayan la'asar sai mu shiga ɗaki, mu tura ƙyaure, mu kunna rediyo. Maƙwabciyata Hajo, mai tuyar awara a bakin titi, ta fara yi mini barka da sabon amarci. Na ƙyale ta, don gaskiyar ma ta fi abin da take zato ban dariya.

Ba a koya wa mutum harshe a sati uku, ko wane ne malaminsa. Sai na yi dabara. Na zaɓi kalma biyu da Turawa ke haɗawa in suna nufin kula da abu, wato look after, domin duk aikin da ake nema a cikinsu yake. Na ce in ya iya juya su a baki yadda yake juya igiya a hannu, sauran mai sauƙi ne. Na ɗauko littafin 'yan aji biyar, na buɗe shafin da aka jera misalai, na karanta masa na farko.

"I look after my grandmother."

Ya maimaita tsaf, har na yi mamaki. Sannan ya tambayi ma'ana. Na ce ina kula da kakata. Sai ya tura hularsa baya ya dube ni.

"Luba, kakata shekara ashirin ke nan da rasuwa. Ƙaƙa zan ce ina kula da ita?"

Na ce misali ne kawai, babu wanda zai je maƙabarta ya bincika. Ya ce misali ko ba misali ba, bakinsa ne zai faɗa, kuma shi bai saba ba. Na danne zuciyata na wuce na biyu, inda wani ke roƙon maƙwabcinsa ya kula masa da kyanwa zai yi tafiya. Malam ya ce shi bai taɓa ajiye kyanwa ba, kuma duk wanda ya bar wa maƙwabci amanar kyanwa to ba shi da aikin yi. Na uku yarinya ce ke kula da furanni. Wannan ko maimaitawa bai yi ba, dariya kawai ya yi. Ranar na wurgar da littafin a kan gado na fita na kama wanke-wanken da ba na ranar ba.

Da na huce sai na ga babu mafita sai in bi shi yadda yake. Na ajiye littafi, na fara ƙera masa jimloli daga tsakar gidanmu. A nan na ga abin da ban taɓa gani a aji ba. Duk jimlar da take gaskiya, sau ɗaya yake ji ta zauna. Na ce masa "I look after cows," ina kula da shanu, ya karɓe ta kamar dama tasa ce na ara. Na ƙara masa ta shanu marasa lafiya, na ƙara ta tumaki. Na ba shi wadda ke cewa matata na kula da yara, ya ce wannan kam gaskiya ce, sai dai a ƙara da cewa tana da faɗa. Na ce ba mu kai wannan darasin ba tukuna.

Wata rana na so in nuna masa yadda ake faɗin abin da ya riga ya wuce, sai na tuna mahaifinsa, wanda ɓarin jikinsa ya shanye, Malam ya yi shekara huɗu yana yi masa wanka yana juya shi. Na ce, "I looked after my father for four years." Na fassara masa. Ya faɗa a hankali sau ɗaya, ya ƙura wa bango ido. Rediyo na ta surutunta. Can ya sake faɗa, ya ce a bar karatu haka yau. Ni ma ban matsa ba, don idona ya ciko.

Cikin sati na biyu ya fara ƙera nasa. Yana alwala sai ya hangi kaza da 'yan tsakinta, ya leƙa ya ga babu kowa, ya yi mini raɗa da Turanci cewa kaza na kula da 'ya'yanta. Rabi daidai, rabi a karkace, in gyara masa, ya tafi masallaci yana motsa baki, mutane na zaton tasbihi yake. Na ƙara masa 'yan kalmomin da zai buƙata da safe a waya: ta ci, ba ta ci ba, tana tari, ta kwanta, ta mutu. Na koya masa yadda zai ce a sake faɗa a hankali in bai gane ba. Ba zan ɓoye ba, na fara jin kaina. Ina tafiya makaranta ina kallon sauran malamai ina cewa a raina, ku da yara kuke fama, ni dattijo na lanƙwasa.

Saura kwana huɗu likitar ta zo ta yi ganawa da masu neman aikin, na bi ta bakin zangon na karanta takardar da suka manna a jikin ƙofa. An rubuta cewa wanda za a ɗauka zai kula da shanu, da tumaki, da awaki, da raƙuma. Raƙuma kan shigo daga Nijar jefi-jefi, amma Malam shi da raƙumi sai kallo daga nesa. Bai taɓa riƙe akalar raƙumi ba. Na dawo gida na ƙara jimla ɗaya a kan waɗanda muka tanada, na karanta masa da la'asar kamar ba komai.

"I look after camels too."

Wannan karon bai maimaita ba sai da ya tambayi ma'ana, don ya riga ya san halina. Da na faɗa sai ya girgiza kai. Na ce kowa haka zai ce, raƙumi sau nawa yake zuwa a wata, kuma dabba ai dabba ce, zai koya a bakin aiki. Ya ce raƙumi ba saniya ba ne, ciwonsa daban, abincinsa daban, fushinsa ma daban. In ya ce ya iya, aka ba shi raƙumin wani bawan Allah ya mutu a hannunsa, da wane ido zai dubi mai shi? Na ce mai raƙumin da ba a ma san shi ba ya fi ni da 'ya'yanmu ke nan. Muryata ta tashi har ta fi ta rediyo.

"Baban Sumayya, kalma biyar ce. Ko ka hwaɗe su, ko ka koma saman ƙarhe da wagga gwiwar. Zaɓi ya rage naka."

Ya ɗauki butarsa ya fita. Kwana uku muna zaune gida ɗaya, daga ina kwana sai ga abinci. Ran Asabar da safe, ranar ganawar, yana sa rigar da na goge masa sai ya ce in sake faɗa masa ta raƙumin. Na faɗa. Ya motsa baki yana bi, ya gyaɗa kai, ya fita. Na ce alhamdu lillahi, hankali ya zo.

Ban iya zama ba. Na yafa mayafi na ce wa Sumayya zan je cefane, na zarce wajen Hajo, don kaskonta a jikin shingen zangon yake. Daga nan ana ganin rumfar da suka kafa, ana kuma jin magana in mutum ya kasa kunne. Mutum bakwai ne a kan benci. Huɗu samari ne da takardunsu a cikin ambulan. A ƙarshen benci ga Manu, mutumin Farfaru, wanda ya tashi a can bayan Maraɗi cikin masu raƙuma, ya kuma yi gadi a Kaduna ya tsinto Turanci fiye da na Malam. Shi ne na fi tsoro. Mazan kara sun taru a gefe suna kallo, tun da kallo ba a biya. Likitar gajeriya ce mai tabarau, da takalmin roba har gwiwa da ɗan littafi a hannu.

Ɗaya bayan ɗaya take kiransu. Samarin nan Turanci kamar famfo, kuma duk abin da ta tambaya sun iya. Shanu sun iya, awaki sun iya, raƙuma sun iya. Ɗayansu na san shi, na koyar da shi a aji huɗu, ko akuyar gidansu ba ya iya kamawa. Na ce a raina ka gani ko, Malam, haka duniya take tafiya.

Malam ne na biyar. Na gargaɗe shi ya ɓoye ɗingishin, amma ya taho abinsa yadda yake tafiya kullum. Ya tsaya ya gaishe ta. Ta tambaye shi aikinsa.

"I look after cows. Twenty-two years."

Da ƙarfi ya faɗa, kowace kalma a wurinta. Na ga mazan kara suna duban juna, wani har ya saki baki. Ta yi masa wata tambaya doguwa, bai gane ba, bai kuma rikice ba, ya ce ta sake a hankali. Ta sake. Ya amsa. Ta nuna wasu shanu biyu da aka ɗaure a gindin bishiyar bedi, ya je ya zagaya su, ya ɗora kunne a haƙarƙarin ɗaya, ya dawo ya ce mata wannan tana tari, kada a haɗa ta da sauran. Hajo na ta zungurina tana tambaya yaushe Dalhatu ya zama Bature. Ni kuwa ji nake kamar in tsallake shingen in gaya wa kowa wanda ya koya masa.

Sai ta zo kan raƙuma. Na damƙe shingen har ƙaya ta shige mini tafin hannu. Na ga leɓensa ya motsa, na san jimlar ce ya ɗauko.

"No, madam. I don't look after camels."

Kamar wannan bai isa ba, sai ya juya ya miƙa hannu wajen ƙarshen benci.

"Manu looks after camels. Very good."

Na saki shingen, na zauna a kan bencin Hajo. Ta ce mi ya ce, mi ya ce. Na ce ya ɗauki aikin da hannu biyu ya miƙa wa Manu. Raina ya ɓaci iyakar ɓaci, amma ga wani abin haushi. A tsakiyar fushin nan malamar da ke cikina ta ƙi yin shiru, tana ta gaya mini cewa jimlar nan ba ni na ba shi ba, shi ya ƙera ta a tsaye a gaban jama'a, kuma babu kuskure ko ɗaya a cikinta. Ban san ko kuka zan yi ko guɗa ba. Likitar ta dube shi ta saman tabarau, ta rubuta wani abu, ta kira na shida. Da aka gama ta ce za su buga wa wanda aka ɗauka waya.

Na riga shi isa gida. Da ya shigo ban ɗaga kai ba. Ya zauna a bakin tabarma ya ce ya ga mayafina a bayan shinge tun kafin a kira shi. Ya ce wallahi ya ɗauko jimlar raƙumin, ta zo har kan harshe, ta ƙi fita. Na ce ai na ji. Ya ce in yi haƙuri. Na ce haƙuri ai ya zama dole, tun da shi aka aura mini.

Lahadi shiru, Litinin shiru. Ran Talata Alhaji Isah dillali ya aiko cewa akwai lodi ran Alhamis, mota biyu, yana son Malam a ta gaba. Malam ya ce a ce masa to. Ran Laraba na dawo daga makaranta na tarar ya fito da jakar tafiya, ya cusa bargo da igiyoyinsa da kwalbar man zafi da yake shafa wa gwiwar. Na shiga madafa na kama kwaɓa fulawa, ina kwaɓawa ina jin haushinsa, ina kuma jin tausayinsa.

Bayan azahar wayarsa ta yi ƙara. Ya duba ya ga baƙuwar lamba, ya taso da sauri yana ɗingishi ya miƙo mini. Na nuna masa hannuwana, duk ƙullu. Da na ga dama da na goge a zane, amma na ƙi.

"Ɗauki abinka, Malam. Ba ni aka kira ba."

Ya kara a kunne. Nasa ɓangaren kawai nake ji. Ya gaishe ta. Yana saurare, zufa na tsattsafo masa a goshi. Ya ce ta sake a hankali. Ya sake kasa kunne. Na ji ya ambaci Manu, ya ce zai kira shi. Na ce shi ke nan, saƙon Manu aka ba shi ya kai. Sai kuma na ga ya gyara tsayuwa.

"Monday. Yes, madam. I will look after them."

Ya sauke wayar. Ya ce in dai kunnensa bai yi masa ƙarya ba, shi aka ɗauka, ran Litinin zai fara. Duk ranar da raƙumi ya shigo kuma, shi zai aika a kira Manu. Na sa shi ya maimaita mini abin da ta faɗa kalma bayan kalma, ya kawo abin da ya riƙe, kuma daidai ya ji.

Ban san abin da likitar ta rubuta a littafinta ba, ban kuma taɓa tambaya ba. Amma a tsaye a wurin nan, da ƙullu a hannu, na yi tunanin matar da za ta zauna a Katsina ba ta ganin dabba ko ɗaya sai abin da wani mutum ya gaya mata a waya. Kunya ta kama ni. Ni ce mai takardar koyarwa, ni ce kuma na yi kwana uku ina gaba da shi don ya ƙi yin ƙarya. Na so in faɗa masa haka, amma sai kawai na ce ya iya. Ya ce malamarsa ce ta iya, ko da yake tana da faɗa.

Ya sa hula ya ce bari ya je ya gaya wa Alhaji Isah ya nemi wani. Na bi shi har zaure, abin da ban saba ba. Na tsaya ina kallon bayansa yana gangarawa wajen kara, yana jan ƙafar nan a hankali, manyan motoci na jere a bakin titi suna jiran a buɗe musu hanya. Ban taɓa alfahari da mutum kamar yadda na yi da shi a wannan lokacin ba, kuma hawaye na zuba ban damu da wanda zai gani ba. Sai da ya sha kwana na koma ciki, na wanke hannu, na zazzage jakar na mayar da bargon kan gado.